Ƙanwata za ta fallasa ogan da ya ci zarafinta: yaya za ta yi kada a maka ta kotu kan ɓata suna?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum 'yan zaure. Shawara nake nema, musamman daga waɗanda suka san doka a cikinmu. Ƙanwata ce oganta a wurin aiki ya takura mata da maganganun banza da saƙonnin tsakar dare. Da ta ƙi ba shi fuska sai ya fara ɓata mata rahoton aiki, daga baya aka ƙi sabunta mata kwantiragi. Yanzu ta rubuta komai, tana so ta saka a Facebook da sunansa da hotonsa da sunan wurin aikin. Ina bayanta ɗari bisa ɗari, amma ina tsoron kada a wayi gari ita ce a gaban alƙali. Me za ta yi, me za ta kiyaye?

Ƙanwar Kowa: Wa alaikumus salam Anti. Ta saka kawai. Da wannan tsoron irinsu suke fakewa shekara da shekaru. In dai gaskiya ta faɗa, wace kotu ce za ta kama ta?

Barista: Wa alaikumus salam. Uwar Biyu, Allah ya bi wa ƙanwarki haƙƙinta. Ke kuma Ƙanwar Kowa, na san zafin da ya sa kika faɗi haka, amma kotunan da za su iya kama ta suna da yawa. Alƙali ba ya ofishin ranar da abin ya faru, abin da aka iya tabbatarwa a gabansa shi kaɗai ya sani. A Ingila da ƙasashen da suka gaji tsarin shari'arta, mai ƙara zai nuna an yaɗa maganar, da shi ake, kuma tana zubar da mutunci. Daga nan nauyin kawo hujja ya koma kan wadda ta yi maganar. Doka za ta ɗauki maganar ƙarya ce har sai ta tabbatar da gaskiyarta.

Amurka ce ta sha bamban. Tun hukuncin Kotun Ƙoli na 1964 a shari'ar jaridar New York Times da Sullivan, jami'in gwamnati ba ya cin ƙarar ɓata suna sai ya tabbatar cewa mai maganar ya san ƙarya ce, ko kuwa bai damu da ya san gaskiya ce ko ƙarya ba. Daga baya aka haɗa da sanannun mutane. To amma ogan wani ofis da ba kowa ya san shi ba, ko a can ba ya cikin wannan sahun.

Akwai kuma ƙasashen da gaskiya ita kaɗai ba ta wanke mutum. A Koriya ta Kudu, sashe na 307 na dokar manyan laifuka ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 2 ga wanda ya ɓata sunan wani ko da abin da ya faɗa gaskiya ne, sai fa in ya faɗa ne don amfanin jama'a. A Najeriya ma ɓata suna laifi ne da ake ɗaure mutum a kansa, ba neman diyya kaɗai ba. Sashe na 391 da 392 na Final Kod, dokar laifuka ta jihohin Arewa, suna nan, kuma gaskiyar da ke kare mutum a ƙarƙashinsu ita ce wadda bayyana ta ke da amfani ga jama'a. Ghana kuwa ta soke nata laifin tun 2001. Don haka kafin komai, ta zauna da lauyan da ya san dokar ƙasar da take, ta nuna masa rubutun.

Ƙanwar Kowa: To Barista, a taƙaice ta yi shiru ke nan? Ai a Indiya Priya Ramani ta ambaci sunan minista sukutum, M.J. Akbar, a 2018. Ya kai ta ƙara, kotu ta wanke ta a 2021, har alƙali ya ce mace na da ikon kai kukanta ko bayan shekaru masu yawa. Da ta bi irin wannan shawarar da yanzu yana kan kujerarsa.

Barista: Ban ce ta yi shiru ba, kuma ba zan ce ba. Misalinki mai kyau ne, sai dai ki duba abin da ya tsayar da ita. Ƙawarta da ta ba labari tun a lokacin da abin ya faru ta zo kotu ta ba da shaida. Wata 'yar jaridar ma ta zo ta faɗi abin da ta ce ya yi mata. Ga manyan lauyoyi a bayanta. Duk da haka sai da ta yi fiye da shekara biyu tana zaryar kotu a matsayin wadda ake tuhuma. Abin da nake so shi ne ƙanwar Uwar Biyu ta yi magana, amma irin maganar da za ta tsayu in an ja ta.

Tsohon Ɗan Jarida: Bari in sa baki a nan, don wannan aikinmu ne. Uwar Biyu, ban ga rubutun ƙanwarki ba, amma na ga irinsa ba adadi, kuma kusan duka wuri ɗaya suke faɗawa rami. Mutum ya fara da abin da aka yi masa, zafi ya ɗebe shi, sai ya zarce zuwa abin da ya ji a bakin wasu, ya ƙarasa da abin da yake zato. Lauyan wancan ɓangaren ba zai taɓa sashen farko ba. Na biyu da na uku zai kama.

Ki dubi waɗannan biyun. Na farko: "Wane mazinaci ne, duk matan ofis ya lalata su, kuɗin kamfani ma sata yake, shi ya sa aka kore ni." Na biyu: "Ranar kaza da ƙarfe sha ɗaya na dare ya turo mini saƙo yana cewa in same shi a ɗakin otal. Na amsa masa cewa ya daina turo mini irin wannan. Ya sake turowa sau uku a watan. Bayan mako biyu na karɓi rahoton aiki mafi muni tun da na fara aiki a wurin, shi ya sa hannu. Wata biyu bayan nan aka ce ba za a sabunta kwantiragina ba."

A na farko tuhuma huɗu ta jera, kuma ba ko ɗaya da take da hujjarta a hannu. Waɗanne mata? Za su zo kotu? Wane kuɗi, a wane littafi? A na biyu kowace jimla tana da abin da za a ɗora a kan teburi: saƙo, amsa, takarda, kwanan wata. Kuma wallahi na biyun ya fi shiga zuciyar mai karatu, don zagi kowa ya iya, amma saƙon ƙarfe sha ɗaya na dare ba ya buƙatar sharhi. Ta ɗauki biro ta bi rubutunta jimla-jimla tana tambayar kanta: yaya aka yi na san wannan? In amsar ita ce "ni aka yi wa" ko "da idona na gani", ta bar shi. In kuwa "wance ce ta gaya mini" ko "ai kowa ya sani", ta cire, komai daɗin da jimlar ta yi mata.

Barista: Baba ya gama magana. Abu ɗaya zan ƙara: kalmomi irin su fyaɗe, sata, cin hanci, kowacce tana da ma'anarta a doka, kuma in kika yi amfani da ita kotu na iya cewa ki tabbatar da wannan ma'anar. Abin da ya sami Sandra Muller a Faransa ke nan, 'yar jaridar da ta fara gangamin fallasa a can a 2017. Mutumin da ta ambata ya amince ya faɗa mata maganganun da ba su dace ba, ba a nan rigimar take ba. Kotun Paris a 2019 ta ce ba ta tabbatar da laifin takurawa kamar yadda doka ta fayyace shi ba, ta umarce ta ta biya diyyar yuro 15,000. Sai a 2021 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce da kyakkyawar niyya ta yi maganar. Ta yi nasara, amma ta sha wuya kafin nan. Bayyana aikin da aka yi ya fi raɗa masa suna tsaro.

Sai dai kada a ɗauka jera abubuwa a jere yana wanke mutum gaba ɗaya. Duk wanda ya karanta na biyun da Baba ya rubuta zai fahimci ramuwa aka yi mata, kuma kotu tana duba abin da mai karatu zai fahimta, ba haruffan kaɗai ba. Bambancin shi ne ta shimfiɗa hujjojinta a fili, in ta ƙara da cewa "a ganina ramuwa ce", ra'ayi ne da aka gina a kan abin da ta nuna, kuma dokoki da dama suna kare irin wannan ra'ayin. Dokar Ingila ta 2013 ta rubuta shi ƙarara.

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. To in ba ta ambaci sunansa ba fa? Ko ta riƙa sa "wai" da "ana zargin"? Wata ƙawarta ce ta ba ta wannan shawarar.

Barista: Yaya, wannan shawarar ta jefa mutane da yawa cikin wahala. Ba suna kotu ke nema ba, tambayarta ita ce ko waɗanda suka san shi za su gane da shi ake. In ta rubuta "shugaban sashenmu" kuma shafinta ya nuna inda ta yi aiki, ai ta ambace shi. 'Yar fim Amber Heard ba ta rubuta sunan tsohon mijinta Johnny Depp ba a maƙalarta kan cin zarafin mata a jaridar Washington Post a 2018. Amma a 2022 masu taya alƙali yanke hukunci a jihar Bajiniya suka ce da shi take, suka ba shi fiye da dala miliyan 10, ita aka ba ta miliyan 2 a ƙarar da ta mayar, daga baya suka sasanta. Kuma shi Depp ɗin ya sha kaye a ƙarar da ya kai jaridar The Sun a Landan a 2020, inda alƙali ya gamsu da 12 daga cikin zarge-zarge 14 na cin zarafinta. Kusan magana ɗaya, ƙasa biyu, hukunci biyu. Shi ya sa duk lauyan da ya ce miki tabbas za ki ci, ki yi hattara da shi.

"Wai" kuma ba ta tsare kowa. Ƙa'ida ce tsohuwa: wanda ya maimaita ɓata suna kamar shi ya ƙirƙira. A 2012 Sally Bercow, matar kakakin majalisar Birtaniya na lokacin, tambaya kawai ta yi a Twitter, me ya sa ake ta ambaton Lord McAlpine, wani ɗan siyasa da aka riƙa dangantawa da rahoton BBC kan cin zarafin yara, ta haɗa da alamar nuna kamar ba ta san komai ba. Ba ta ce ya yi komai ba. Kotu a 2013 ta ce a yanayin da ake ciki kowa ya san inda ta nufa, ɓata suna ne.

Baban Ummi: Tunda an kawo McAlpine, don Allah a faɗi ƙarshen labarin. Mutumin ba shi da laifi. Wanda aka ci zarafinsa yana yaro ya fito da bakinsa ya ce ba shi ba ne, kuskuren gane mutum aka yi. BBC ta biya shi fam 185,000. Dattijo ne aka jefe shi da mafi munin laifi a gaban duniya. Ni abin da ke damuna a irin wannan muhawarar shi ne ana ta koya wa mutane dabarar tsere wa kotu, ba wanda ke maganar mutumin da za a iya hallakawa da rubutu ɗaya. Yana da mata, yana da 'ya'ya da za su je makaranta washegari.

Ƙanwar Kowa: Baban Ummi, ita ƙanwar Anti ba ta da iyali ne? Ita da ta rasa aikinta? Kullum in mace ta buɗe baki sai a tuna da 'ya'yan namijin.

Baban Ummi: Ba ita nake ƙaryatawa ba 'yar'uwa, ban san ta ba, ban san shi ba. Cewa nake mu da muke karantawa mu yaɗa, mu ma ba mu sani ba.

Tsohon Ɗan Jarida: Ku biyun ba ku yi nisa da juna ba kamar yadda kuke gani. Abin da muke gaya wa yarinyar nan, ta tsaya kan abin da ta sani ta bar abin da ba ta sani ba, shi ne kuma yake kare marar laifi. A 2014 mujallar Rolling Stone ta buga labarin fyaɗe a wata jami'ar Amurka bisa bakin mutum ɗaya, ba ta bi diddigi ba. Labarin ya rushe, suka janye shi a 2015, wata babbar ma'aikaciyar makarantar ta ci su diyyar dala miliyan 3 a kotu. Waɗanda suka fi cutuwa su ne matan da suka zo daga baya da gaskiyarsu, aka riƙa yi musu gori da wancan labarin. Ku kwatanta da binciken New York Times a kan mai shirya finafinai Harvey Weinstein a 2017: watanni ana tattara takardun sasantawa da wasiƙun cikin kamfani, ana jin mata daban-daban, sannan aka ba shi damar ya mayar da martani kafin a buga. Ya yi barazanar ƙara, labarin bai motsa ba.

Malam: Assalamu alaikum. Ba fannina ba ne doka, amma akwai abin da ya wajaba in tunatar. A Suratun Nisa'i aya ta 148 Allah ya ce ba ya son bayyana mummunar magana sai ga wanda aka zalunta. Don haka kada wani ya ce wa wannan baiwar Allah kukanta giba ne. Malamai sun lissafa wuraren da ambaton aibin mutum ya halatta, daga ciki akwai kai kukan zalunci ga wanda zai iya kawar da shi, da gargaɗin mutane game da mai cutarwa. Amma izinin na wanda aka zalunta ne, a kan zaluncin da aka yi masa. Bai haɗa da ƙari ba. In ta ce ya nemi ta da lalata ya cuce ta a aikinta, kukanta ta kai. In ta ce ya yi zina da wance da wance, ta shiga babin ƙazafi, ga Suratun Nur aya ta 4 da shaidu huɗu, kuma ta jefi matan da ba su ji ba ba su gani ba. Mu kuma masu danna "tura", Suratul Hujurat aya ta 6 da mu take: a yi bincike kafin a cutar da mutane cikin jahilci. Magana zarar bunu ce, ta intanet kuwa ko ka goge wani ya riga ya adana.

Barista: Allah ya saka da alheri Malam. Wannan "wanda zai iya kawar da shi" da ka ambata, doka ma ta san da shi. Ƙorafin da aka kai inda ya dace, wato kwamitin ladabtarwa na wurin aiki, hukumar da ke sa ido kan sana'ar, 'yan sanda, yana da kariya ta musamman a mafi yawan ƙasashe muddin ba da mugun nufi aka kai shi ba. Abin da aka faɗa a gaban kotu kuwa ba a ƙarar mutum a kansa. Maganar da in ta rubuta a Facebook za a iya maka ta, in ta rubuta ta a takardar ƙorafi tana cikin inuwar doka. Sai dai a kula, kariyar ta hanyar ce, ba ta takardar ba. In ta kai ƙorafi da safe, da yamma ta ɗauki hoton takardar ta saka a shafinta, wannan sabuwar yaɗawa ce, kariyar ba ta bi ta can ba.

Baban Ummi, kai ma ga naka: masu fitowa su ce wa mai ƙorafi maƙaryaciya, su ma suna cikin haɗari. Marubuciya E. Jean Carroll ta ci Donald Trump dala miliyan 83.3 a 2024 saboda kalaman da ya yi yana ƙaryata ta bayan ta zarge shi da cin zarafinta. Dokar ba ta ɓangare ɗaya ba ce.

Ma'aikaciyar Jinya: Barista ka yi haƙuri, amma wannan "inda ya dace" ɗin na bi shi. Na rubuta ƙorafi a kan wani babba a inda na taɓa aiki. Shugaban kwamitin amininsa ne, tare suke fita cin abincin rana. Aka kira ni sau ɗaya, aka tambaye ni irin kayan da nake sawa, shi ke nan ban sake jin komai ba. Ni aka canza wa sashe. Mutane ba don son suna suke zuwa Facebook ba, don an rufe musu sauran ƙofofin ne.

Barista: Anti, ban musa ko kalma ɗaya ba, kuma abin da aka yi miki zalunci ne a kan zalunci. Ba don na yarda da kwamitoci nake cewa a fara da su ba. Takardar da kika shigar, in kina da kwafinta da hatimin karɓa da kwanan wata, ta zama shaidar da ba a iya ƙirƙira daga baya. Ran da kika fito fili aka ce ai don an kore ki ne kike huce haushi, sai ki nuna cewa tun kina ciki kika kai kuka aka share ki. Kuma shirun da suka yi yana ƙarfafa hujjar cewa fitowarki amfanin jama'a ne, tunda an gwada ta ciki ba ta yi ba. Duk wanda zai kai ƙorafi ya kai a rubuce, ya karɓi shaidar an karɓa. In da baki aka yi zama, yana fitowa ya tura imel: kamar yadda muka tattauna yau, na faɗi kaza, kun ce kaza.

Ma'aikaciyar Jinya: Kwafin yana nan, da hatimin. Ban san yana da wannan amfanin ba.

Mai Gyaran Waya: Ni ɓangaren saƙonnin zan yi magana. Hoton allo shi kaɗai ba ya da ƙarfi, don yau yaro ma zai iya haɗa na bogi cikin minti biyar, kuma abin da wancan zai fara cewa ke nan. Wayar da saƙonnin suka shigo, kada ta sayar, kada ta yi mata wankin ƙwaƙwalwa, kada ta canza layi. Ta fitar da hirar gaba ɗaya daga WhatsApp ta tura wa kanta ta imel. In za ta ɗauki hoto, ta buɗe bayanan mai lambar yadda lambarsa za ta fito, don sunan da ta yi masa ajiya da shi ba ya tabbatar da komai. In an kunna saƙonni masu ɓacewa da kansu, ta adana yau ba gobe ba. Kuma don Allah kada ta goge nata amsoshin.

Uwar Biyu: Wannan na ƙarshen ne matsalar. Da farko tana amsa masa da ladabi, har da "na gode Oga" da alamar murmushi, don tsoron aikinta. Tana jin kunyar a gani.

Barista: Ta bar su yadda suke. Shi ma yana da hirar a wayarsa. In ta nuna rabi ya fito da ɗaya rabin, an daina maganar abin da ya yi, an koma maganar abin da ta ɓoye. Gara ita ta fara faɗa: ina amsa masa da ladabi ne don abincina yana hannunsa. Duk wanda ya taɓa aiki a ƙarƙashin wani zai gane. Abu biyu kuma ta tambayi lauya kafin ta taɓa su. Naɗar murya a ɓoye, don a wasu wurare kamar Jamus da jihar Kalifoniya laifi ne mai zaman kansa. Sai takardun da ta sa wa hannu, ko lokacin ɗaukar aiki ko lokacin sallama, kada a ce akwai sharaɗin rufe baki a ciki, ko ta kwaso takardun sirrin kamfani ta buɗe musu wata ƙofar ƙara.

Ƙanwar Kowa: Duk na ji. Amma mu faɗi gaskiya, ko ta bi duk wannan, mai kuɗi zai iya kai ta ƙara don kawai ya wahalar da ita.

Barista: Zai iya, kuma ana yi. Ƙarar toshe baki ke nan, ba don a ci ake shigar da ita ba, don a gajiyar da mutum ne. Daphne Caruana Galizia, 'yar jaridar Malta da aka kashe a 2017, ta mutu da ƙararrakin ɓata suna fiye da 40 a kanta, kuma wannan na cikin abin da ya sa Tarayyar Turai ta yi dokar daƙile irin waɗannan ƙararraki a 2024. Kalifoniya ta yi doka a 2023 da ta ba waɗanda suka faɗi abin da aka yi musu na cin zarafi ba da mugun nufi ba kariya ta musamman. Wurare da yawa ba su da ko ɗaya. A Ingila wata mata ta rubuta a Facebook a 2012 cewa tsohon mijinta ya yi yunƙurin shaƙe ta. 'Yan sanda sun ga jan shati a wuyanta a ranar da abin ya faru. Duk da haka kotuna biyu suka ce maganarta na nufin ya yi niyyar kashe ta, ta sha kaye a shari'ar. Sai a 2019 Kotun Ƙoli ta ce mai karanta Facebook ba haka zai fahimta ba, ta wanke ta. Fiye da shekara shida a kan jimla ɗaya. Ba wanda zai iya ba ƙanwar Uwar Biyu tabbacin ba za a kai ta ƙara ba. Abin da ke hannunta shi ne lauyansa ya karanta rubutun ya gaya masa cewa in suka je kotu saƙonninsa za a karanta a bainar jama'a.

In takardar gargaɗi ta zo daga lauyansa, kada ta amsa da kanta, kada ta saka ta a shafi tana mayar da martani cikin fushi, kada kuma ta yi saurin ba da haƙuri a rubuce don tsoro. Ta kai wa lauya a ranar. Akwai ƙungiyoyin lauyoyi mata da masu kare haƙƙi da ke karɓar irin wannan kyauta, ta nemi ɗaya tun kafin ta saka rubutun.

Ɗan Autan Zaure: To ta buɗe shafi da sunan bogi mana. Ko Anti ta turo mana sunansa nan mu yaɗa, mu ai ba zai iya kai mu duka ƙara ba.

Mai Kula da Zaure: Ɗan Auta, a'a. Ba za a saka sunan kowa a nan ba, duk wanda ya saka zan goge. Uwar Biyu, ko ta akwatin sirri wani ya tambaye ki kada ki bayar.

Barista: Daidai ne. Yaɗawa a doka ba sai duniya ta gani ba, mutum ɗaya bayan mai maganar da wanda ake magana a kansa ya isa. Zaure irin wannan, ko rukunin WhatsApp na dangi, duk yaɗawa ne. Ba sai ya kai kowa ƙara ba, zai zaɓi wanda ya ga dama. Sunan bogi kuma, kotu na iya umartar kamfani ya bayar da bayanan mai shafin, balle ma labarin da mutum biyu kaɗai suka sani, wa zai rubuta shi in ba ita ba?

Tsohon Ɗan Jarida: Akwai abin da ba a taɓo ba, kuma zai faru cikin awa ɗaya da saka rubutun. Sharhi zai cika ƙasa, wasu na zaginsa, wasu na ƙara masa laifukan da ita ba ta faɗa ba. Sannan wasu mata za su biyo ta ta sirri su ce mu ma ya yi mana. Yaya za ta yi da su, Barista?

Barista: Sharhin ta sa masa ido ko ta rufe shi. A Ostireliya babbar kotu ta yanke a 2021 cewa kafafen yaɗa labarai suna da alhakin sharhin da wasu suka rubuta a ƙarƙashin shafukansu na Facebook. Ba ko'ina dokar ta kai nan ba, amma wanda aka nuna masa ƙazafi a shafinsa ya bar shi, ko ya danna masa alamar so, ya ba da kafa.

Matan da za su biyo ta kuwa, su ne mafi girman ƙarfinta, kuma ta nan aka fi yin ɓarna. Kada ta ɗauki hoton saƙonsu ta saka, ko ta rufe sunan. In ta saka, ita ta yaɗa, ita za ta tabbatar, kuma ran da aka kira shaida mai saƙon na iya cewa mijinta bai yarda ba. Kada kuma su haɗu su daidaita labari, don za a ce haɗa baki suka yi. Kowacce ta rubuta nata ita kaɗai, da ranaku da abin da take da shi a waya, ta miƙa wa lauyan kai tsaye. Uwar Biyu, ki kuma tambayar mata wa'adin shigar da ƙararta ita kanta a kan rasa aikin, don irin wannan wa'adin gajere ne. A Amurka kwana 180 ne a gaban hukumar tarayya mai duba nuna bambanci a wurin aiki, wasu jihohin 300. Yaushe aka ba ta takardar ƙin sabunta kwantiragin?

Uwar Biyu: Wata na uku ke nan.

Barista: To ta ga lauya cikin makon nan, ta tafi da wayar, da rahoton aikin na baya da na ƙarshe, da takardar kwantiragin.